Mikin Baba ya ƙi rufewa bayan aikin hanji: gashin ciwon daji da aka yi masa ne sila?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Ina rubuto maka ne daga Garwa ta ƙasar Kamaru a kan mahaifinmu, shekarunsa 63. Bara aka gano yana da ciwon daji a ƙarshen hanji, kusa da dubura. Muka haɗa abin da Allah ya hore, Yaya ya kai shi ƙasar waje. An fara yi masa gashi da na'ura na mako biyar, aka bar shi ya huta, sannan aka yi aiki aka yanke wurin aka haɗa hanjin, aka kuma fito masa da wani hanji ta gefen ciki, yanzu a leda yake bayan gida. Yaya ya ce da aka fito da shi daga ɗakin tiyata akwai wasu siraran robobi da suka leƙo daga jikinsa. Kwana shida ba wanda ya taɓa su, daga baya aka riƙa kai shi wani ɗaki ana jona su da inji, aka yi kwana uku ana haka, aka zare. A takardarsa an rubuta kuriterapi. Yau mako bakwai da aikin, ya dawo gida, amma ƙasan ɗinkin cikinsa ya buɗe yana tsatsafar da ruwa. Yana da ciwon suga, ya kuma rame ƙwarai. Maƙwabcinmu da aka yi wa aikin ƙaba, mako biyu ya miƙe. Mutane na cewa wutar da aka sa masa ce take cin namansa har yanzu, har Inna ta hana jikoki shiga ɗakinsa. Likita, wutar tana jikinsa? Ita ce ta hana mikin warkewa? Kwana shidan da aka bar shi, ba sakaci ba ne? Kuma yaushe za a mayar masa da hanjin ciki?

Wata 'yar'uwa daga Garwa

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar da kuke yi.

Bari in fara da maganar jikoki, don ita ce mai saurin warwarewa, kuma na tabbata ita ta fi ci wa Baba rai. Ki gaya wa Inna ta buɗe ƙofa. Irin gashin da kika siffanta, wanda ake jona robobi da inji sannan a zare, ba ya barin komai a jiki. A cikin injin akwai ɗan ƙarfe guda ɗaya, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, an like shi a bakin wata siririyar waya. Injin ya tura shi cikin robar, ya tsaya 'yan daƙiƙoƙi a nan, ya matsa gaba ya tsaya a can, cikin mintuna kaɗan ya ja abinsa ya koma cikin akwatinsa. Da ya koma, shi ke nan. Gumin Baba, numfashinsa, kwanon da ya ci abinci a ciki, ledar bayan gidansa, babu wanda ke ɗauke da wata wuta. Mai ciki ma tana iya zama a gefen gadonsa ta yi masa fifita.

Akwai wani nau'in da ake dasa ƙwayoyi a bar su a jiki har abada, an fi yin sa ga mazan da ke da dajin furostat, wato ƙullin nan da ke ƙasan mafitsara. Ƙwayoyin na aidin-125 ne, ƙarfinsu yana raguwa da rabi duk kwana 60, ta yadda bayan shekara abin da ya rage bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Masu irin wannan ne ake ce wa su guji ɗora yaro a cinya na dogon lokaci, ko zama manne da mai ciki, a watannin farko. Wanda aka fi sawa a injin da aka yi wa Baba amfani da shi kuwa iridiyom-192 ne, mai raguwa da rabi duk kwana 74, wasu asibitocin kuma kobal-60 suke sawa don shi yakan yi fiye da shekara biyar kafin ya ragu da rabi. Ko wanne ne dai, a asibiti ya tsaya, bai biyo Baba Garwa ba.

Sunan da kika gani a takarda, kuriterapi, daga sunan Mari Kuri da mijinta Piyer ya samo asali, waɗanda suka gano sinadarin radiyom a Paris a 1898. Ba a daɗe ba likitocin birnin suka fara ɗora shi a kan ciwukan fata. A takardun 'yan'uwanmu na Najeriya za ki ga an rubuta brakiterapi, daga kalmar Girkanci mai nufin gajere, wato gashi daga kusa. Wannan kusancin shi ne ginshiƙin amsar da zan ba ki, don haka ki riƙe shi.

Ki tuna kaskon wuta a lokacin sanyi. Idan kika kai yatsa dab da garwashi ba za ki iya ƙirga uku ba, amma ki ja baya taku ɗaya, sai ɗumi kawai. Hasken gashi haka yake, har ma lissafinsa sananne ne: idan nisa ya ninka biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Abin da nama ya samu a santimita 1 daga ɗan ƙarfen, a santimita 10 kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne zai samu. Dalilin da ya sa ake dasawa ke nan. Idan likita ya cire daji amma ya ga wani gefe ya manne da ƙashin ƙugu ko bangon ƙashin gindi, inda wuƙa ba ta iya ƙara shiga, sai ya shimfiɗa robobin a daidai wurin, a zuba wa wannan ɗan fili gashi mai ƙarfi ba tare da an ƙone duk cikin ba.

To, yanzu ki duba inda mikin Baba yake. Ƙasan ɗinkin ciki, wajen mara, yana gaba ne. Inda aka shimfiɗa robobin yana can ƙasa ta baya, cikin kwarin ƙugu, tazarar takan kai faɗin tafin hannu ko fiye. Saboda haka a ra'ayina, bisa abin da kika rubuto, gashin da aka dasa shi ne na ƙarshe a jerin waɗanda zan tuhuma kan wannan mikin da kike gani da ido. Gashin waje na mako biyar ya fi shi faɗi, yakan ɗan taɓa fatar mara, yana da nasa kason. Amma waɗanda suka fi kama da masu laifi su ne suga, da rama, da ƙwayoyin cuta. Aikin babban hanji aiki ne a wurin da ƙazanta take, ga kuma bakin leda a kusa da ɗinkin, shi ya sa mikinsa ya fi na ƙaba yawan kamuwa nesa ba kusa ba. Maƙwabcinku an yanka lafiyayyen nama ne a wuri mai tsabta, a jikin da bai sha daji da gashi da yunwa ba. Kada ku auna Baba da shi.

Ɗinkin da gashin dashe ya shafa da gaske shi ne wanda ba kya gani, wato inda aka haɗa bakin hanji da bakin hanji a can ciki. A kansa nake so mu daɗe.

Duk mikin da zai warke, matakai yake bi. Da farko jini ya daskare ya toshe. Kwana uku zuwa huɗu na farko fararen ƙwayoyin jini ne ke aiki, suna share mataccen nama da ƙwayoyin cuta, shi ya sa wurin ke kumbura ya yi ja. Daga nan sai wasu ƙwayoyin halitta, waɗanda ni nake kira masaƙa, su iso su hayayyafa, su fara saƙa wani zare mai suna kolajin, sababbin ƙananan jijiyoyin jini kuma su tsiro su biyo su da abinci da iska. Wannan saƙar takan ɗauki kamar mako uku. Sannan a shiga gyara da ƙara ƙarfi, wanda kan kai shekara, kuma duk da haka tabon fata ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali.

Hanji yana da nasa hali. Bangonsa hawa-hawa ne, kuma hawa ɗaya ne kawai mai tauri da ke riƙe zare, wanda ke ƙarƙashin shimfiɗar ciki. Wani likitan tiyata na Amurka, Wiliyam Halsted, ya nuna haka tun 1887, har yau kuma a kai muke. A kwanakin farko bayan an haɗa hanji, jiki yana narkar da tsohon kolajin na bakin yankan fiye da yadda yake saƙa sabo. Don haka tsakanin kwana na uku da na biyar haɗin ya fi kowane lokaci rauni, zaren likita ne kawai ke riƙe da shi, kamar ƙwaryar da gyartai ya ɗinke bai riga ya like ba. Idan zai yi yoyo, galibi a ƙarshen makon farko yake bayyana. Daga nan ƙarfinsa ke hawa da sauri.

Shi kuma gashi, aikinsa shi ne lalata rubutun gado da ke cikin ƙwayar halitta, ta yadda idan ta zo rabuwa biyu sai ta mutu. Ƙwayar daji ba ta da aiki sai rabuwa, shi ya sa gashin ya fi cin ta. Amma a mikin da bai kai mako ba, su wa ke rabuwa ba dare ba rana? Masaƙan nan ne da jijiyoyin jini masu tsirowa. Haske ba ya tambayar suna. Idan aka kunna shi a kwana na biyu, an kashe masaƙa tun ba su kafa masaƙarsu ba.

Kin ga amsar tambayarki ta uku ta fito. Kwana shidan nan ba sakaci ba ne, da gangan aka yi, kuma da an gaggauta ne zan yi ƙorafi. An koyi wannan darasi da tsada. A shekarun 1980, a asibitin daji na Memorial Sloan Kettering da ke birnin Niyok, likitocin da ke dasa robobi bayan sun cire dajin tsoka a hannu ko ƙafa sun lura cewa waɗanda aka fara gasawa cikin kwana biyar na farko sun fi samun ɓallewar miki. Da suka koma jira sai an wuce kwana na biyar, matsalar ta sauka ta yi kusa da ta waɗanda ba a gasa ba. A gaɓoɓi aka gano shi, amma hikimar ta bi likitoci zuwa sauran sassan jiki. Ba kuma a son a yi ta jira har makonni, don robar da ta daɗe a jiki hanya ce ga ƙwayoyin cuta. Tsakanin waɗannan biyun ake tsaga.

Akwai wasu dabarun da ake yi a lokacin aikin don kare haɗin. Duk wanda ya taɓa feɗe rago ran Babbar Sallah ya san mayafin kitsen nan da ke lulluɓe da hanji. Mutum ma yana da shi. Likita yakan jawo shi ya shimfiɗa tsakanin robobin da hanjin, don ko santimita ɗaya aka ƙara ta nisa, an rage wuta mai yawa. Ana kuma ƙoƙarin ɗauko ɓangaren hanjin sama daga inda gashi bai taɓa ba, domin a samu aƙalla baki ɗaya lafiyayye mai jini sosai. Sai babbar kariyar, wato ledar da Baba ke ɗauke da ita. Na san yadda take wa dattijo nauyi, ga tunanin alwala da shiga sahu, ga kunyar surukai. Amma ita ce ta karkatar da bayan gida daga kan haɗin. Ba ta hana haɗi tsagewa ba, sai dai idan ya tsage, bambancin ɗan ƙurji a ƙugu da bayan gida ya malale cikin ciki bambancin rai da mutuwa ne.

Kada ki ce to me ya kai mu gashin tun farko. An auna wannan. A ƙasar Holan an yi babban gwaji da mutum 1,861 masu dajin ƙarshen hanji, aka fitar da sakamakon a 2001. Rabi aka yi musu gashin waje na kwana biyar kafin aiki, rabi aiki kawai. Bayan shekara biyu, dajin ya dawo a wurin ga kashi 2.4 cikin 100 na waɗanda aka gasa, ga waɗanda ba a gasa ba kuwa kashi 8.2. Yoyon haɗin hanji bai bambanta sosai tsakaninsu ba. Inda gashin ya nuna haƙoransa shi ne ga waɗanda aka cire wa dubura gaba ɗaya aka ɗinke wurin: matsalar miki ta kai kashi 29 a kan 18. Wannan gashin waje ne, ba na dashe ba, amma ya nuna miki cinikin da ake yi. Ana karɓar miki mai nawar warkewa don a rage dawowar daji, kuma inda hasken ya sauka kai tsaye, nan ne mikin ke wahala. Ni dai in aka ba ni zaɓi a kan mahaifina, na ɗauki miki mai nawa.

Abin da ya fi damuna da haɗin da aka gasa kuma aka kare da leda shi ne yakan yi yoyo a ɓoye. Tunda bayan gida ba ya bi ta kansa, ba lalle ciki ya kumbura a ga tashin hankali ba. Sai dai a ga mutum yana ɗan zazzaɓi da yamma, yana jin nauyi ko zogi can cikin ƙugu idan ya zauna, abinci ya fita ransa, ya ƙi yin kumari. A garinmu kuwa duk zazzaɓi na sauro ne sai an ga akasin haka, sai a yi ta ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro zagaye biyu, uku. Na taɓa karɓar wani dattijo da aka yi wa haka kusan wata guda, ya zo da jakar magunguna cike, alhali mugunya ce ta taru a bayan haɗin. Da aka zuƙe ta, cikin kwana biyu ya nemi tuwo. Ki sayi ma'aunin zafin jiki, a auna Baba safe da yamma a rubuta. Idan ya kai 38, a gwada jinin sauro, amma ko an samu, a gaya wa likita cewa wannan mutumin yana da haɗin hanji a wurin da aka gasa.

Majina fara ko mai ɗan ruwan ƙasa da ke fita ta dubura lokaci-lokaci, har ya ji kamar zai yi bayan gida, wannan ba komai ba ne, hanjin da aka bari ne ke fitar da ita. Wadda ba a kwana da ita a gida ita ce mugunya mai wari ko jini mai yawa ta dubura, ko ruwan miki ya koma kalar bayan gida, ko ya ga iska ko ɗan tarkace na fita cikin fitsari. Haka idan leda ta daina cika ciki ya kumbura yana amai, ko naman bakin ledar da ya saba zama ja ya koma baƙi. Sannan idan mikin ciki ya ɓarke da ruwa mai yawa ja-ja kamar ruwan wankin nama, a rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti a kwance, don alama ce ta ɗinkin tsoka ya saki.

Mu dawo kan mikin da ke waje. Miki irin wannan ba a sake ɗinke shi, daga ƙasa yake cikowa. A bar ma'aikacin jinya ya riƙa wanke shi da ruwan gishirin asibiti, ya sa auduga mai ɗan danshi har ƙasan ramin, kada baki ya rufe ya bar rami a ciki. Lafiyayyen miki ja ne jawur mai ƙuraje-ƙuraje kamar tsakin gero, yana ɗan jini in an taɓa. Wanda ya yi fari-fari ko toka-toka, ya bushe, ya yi sumul, wannan yana ƙarancin jini ko abinci. Duk Juma'a ki ɗauki hotonsa da waya, ki ajiye kwabon dala ashirin a kan zane a gefe, ba a kan mikin ba, don a gane girma. Ido yana ruɗin wanda ke kallo kullum, hoto ba ya ruɗi. Idan mako biyu zuwa uku suka wuce bai ragu ba, likitan tiyata ya sa hannu ya bincika ko akwai zaren da ya ruɓe, ko wata kafa da ta haɗe da ciki. Hotunan kuma ki tura wa waɗanda suka yi aikin ta WhatsApp.

Na san masu zuwa dubiya ba sa zuwa hannu sake, kowa da maganinsa. Kada a fasa kafso a barbaɗa, kada a sa toka ko garin sassaƙe ko man shanu. Zuma tana da amfaninta a wasu raunukan sama-sama, amma ba a ɗura ta a ramin da ba a san inda ya ƙare ba. Gasa wurin da tsumma da ruwan zafi kuma a bar shi gaba ɗaya, domin fatar da ta sha gashi, a jikin mai suga, takan ƙone mai ita bai ji ba. Daga cikin magungunan 'yan tebur, biyu nake tsoro. Na farko masu kashe ciwon jiki irin su diklofenak da ibufurofen, masu iya taɓa ƙoda a jikin da ruwa ya yi wa ƙaranci. Na biyu ƙwayoyin sa ƙiba irin su deksametazon, waɗanda wani zai kawo da kyakkyawar niyya ganin Baba ya rame. Waɗannan suna tsayar da masaƙa cak, suna kuma harba suga sama.

Suga kuwa, in ba a kama shi ba, duk wankin miki aikin banza ne. Fararen ƙwayoyin jini ba sa iya yaƙi a jinin da ya cika zaƙi. A riƙa aunawa a gida, a yi ƙoƙari kada ya riƙa wuce giram 1.8 a lita, yadda injinanmu na nan ke nunawa, wato 180 a ɗaya ma'aunin. Idan likita ya ce a koma allurar insulin na ɗan lokaci, kada a ɗauka ciwon ya ƙazanta ne, miki ne ke buƙata. A duba yawan jininsa ma. Idan yana shan sigari ko yana sa taba a baki, yanzu ne lokacin rabuwa, don tana matse ƙananan jijiyoyin da gashi ya riga ya matse.

Abinci kuma, kunu zalla ba ya saƙa nama. Mai miki yana buƙatar abinci mai gina jiki kamar giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Idan Baba kilo 60 ne, ana maganar giram 70 zuwa 90, ƙwai ɗaya kuwa kamar giram 6 ne kawai, kin ga da sauran aiki. Alhamdu lillahi kuna bakin Binuwai, kifi ba ya yanke muku. A ba shi kifi, ƙwai, kindirmo marar sukari, naman da ya dahu luguf, kunun gyaɗa da aka tace, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a rana. Abubuwa masu zare da ɓawo, irin su ganyen da bai dahu sosai ba, gyaɗa soyayya, masara gasassa, zaren mangwaro, a yi hankali da su, suna iya toshe bakin leda. Miyar folere, wato yakuwa, da ta kuɓewa ba laifi idan sun nuna sosai kuma ya tauna da kyau.

Ga wani abu da ya shafi Garwa musamman. Idan ledar daga ƙaramin hanji aka fito da ita, kamar yadda aka saba a irin wannan aikin, abin da ke fita ruwa-ruwa ne mai ɗauke da gishiri, domin babban hanjin da ke tsotse ruwa an tsallake shi. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura 40, mutum yana iya bushewa cikin yini ɗaya ƙodarsa ta tsaya. Ki riƙa auna abin da ake zubarwa da gorar ruwa da aka yanke. Idan ya haura lita ɗaya da rabi a rana, ko fitsarinsa ya ragu ya koma kalar shayi, ko jiri na ɗibarsa in ya miƙe, a nemi likita. Abin mamaki, ɗirkar ruwa zalla yana ƙara gudun ledar ne. Ruwan gishiri da sukari na sacet ya fi, a riƙa kurɓa a hankali, a kuma gaya wa mai kula da sugansa don ya daidaita magani. Azumi kuwa, ba bana ba. Malamai sun san hukuncin majinyaci, ku tambaye su ya samu natsuwa.

Sai maganar gaba, wadda ba a cika gaya wa iyalai ba. Gashi yana da aiki biyu, na nan take da na sannu. Na sannun shi ne, cikin watanni har shekaru, bangon ƙananan jijiyoyin jini a wurin da aka gasa yana kauri, ramin ya tsuke, nama ya yi tauri kamar fatar da aka jeme ta bushe. Wurin yana nan da rai amma ba shi da rara. Zaune lafiya ba komai, amma in aka yanke shi, ba shi da abin da zai biya kuɗin gyara. Shi ya sa bayan shekara ɗaya ko biyu wasu ke ganin jini a bayan gida, ko haɗin ya tsuke bayan gida ya riƙa fita siriri. A nan ne mutanenmu ke faɗawa rami, don da an ga jini sai a ce basir ne, a kai mutum wurin mai yanka ko mai ɗaurewa. Yanka ɗan ƙarami a duburar da aka gasa yana iya zama gyambon da ba ya rufewa, ko ya huda zuwa mafitsara. Wannan gargaɗin ya shafi iyayenmu mata da aka yi wa kuriterapi saboda dajin bakin mahaifa, su ne ma suka fi yawa cikin masu irin wannan gashin a ƙasashenmu, kuma bangon da ke tsakanin gaba da dubura siriri ne. Jinin da gashi ya jawo yana da maganinsa a asibiti, amma sai an leƙa da na'ura an tabbatar ba dajin ne ya dawo ba.

Don haka takardar nan da aka rubuta kuriterapi, ki yi mata kwafi uku, ki ɗauki hotonta. Ki nemi inda aka rubuta lambobi da haruffan Gy a gabansu, shi ne ma'aunin yawan gashin. Na waje na mako biyar yakan kama daga 45 zuwa 50.4, na dashen kuma za a rubuta shi daban da yawan zaman da aka yi. Duk likitan da zai taɓa cikin Baba ko duburarsa nan gaba, a Garwa ne, ko Ngaundare, ko Yawunde, ko Duwala, a miƙa masa ita kafin ya ɗauki wuƙa.

Mayar da hanji ciki, a inda komai ya tafi daidai, ana yin sa ne bayan mako 8 zuwa 12. Ga wanda aka yi wa gashi biyu, ko yake karɓar maganin daji ta jijiya, yakan kai wata shida, wani lokaci ya wuce. Kalanda ba ta yanke wannan hukuncin. Kafin a rufe, likita zai sa yatsa ya ji haɗin, a leƙa da na'ura, a ɗura wani ruwa ta dubura a ɗauki hoto a ga ko yana tsiyaya ko ya tsuke. Sai an ga ya riƙe, mikin ciki ya cike, suga ya kwanta, Baba ya fara mayar da jikinsa, sannan a sa rana. Idan hoton ya nuna ɗan yoyo, a ƙara wata biyu ko uku a sake ɗauka, da yawa suna rufewa da kansu matuƙar ledar tana nan. Ko bayan an mayar, ku sa ran zai riƙa zagawa sau da yawa a rana a watannin farko, wani lokaci da gaggawa, don ma'ajiyar da aka cire sai a hankali sabon hanjin ke koyon aikinta. Ku tanadi ledoji na aƙalla wata uku tun yanzu ta hannun masu zuwa Yawunde ko Duwala, kuma wannan makon a kai Baba likitan tiyata ya ga mikin da idonsa, a tafi da takardar da littafin da kike rubuta zafin jiki da suga.